Gadar Da Babana Ya Toshe Da Ƙaya

Aikina fasa dutse ne, amma ba irin na masu guduma a bakin titi ba. Ni ma'aikacin ɗakin gwaji ne a wata makaranta a cikin birni, kuma na yi shekaru ina tsayawa a gaban wani inji da ke danna dutse a hankali har ya tsage, ni kuma in rubuta nauyin da ya tsaga shi. Babana bai taɓa kirana da sunan wannan aiki ba. Injiniya yake ce mini. Tun ina gyara masa har na gaji na bari, kuma in zan faɗi gaskiya sunan yana yi mini daɗi.

Mu mutanen wani ƙauye ne tsakanin Kura da Bunkure, inda noman rani ya fi na damina daraja saboda ruwan kanal. Babana shi ne mai rabon ruwa na layinmu. Ba shi da ofis, ba shi da hatimi. Shi ne dai yake cewa yau ruwa na gonakin gabas ne, gobe na yamma, wane ya buɗe da hantsi, wane ya toshe da la'asar, kuma a bi. Ana bin sa ne don ba a taɓa kama shi da son kai ba. Na taɓa ganin albasarmu ta kwanta don ƙishirwa, ruwa yana wucewa ta bakin gonar, ya ƙi buɗewa saboda ranar ba tamu ba ce. Ba shi da gona mai yawa, ba shi da shanu. Maganarsa ita ce abin da ya mallaka, kuma da ita yake hana mutum talatin sare juna da fartanya a kan ruwa.

Akwai wani ƙaramin kanal da ya raba gari da gonakin ƙetare, faɗinsa bai fi taku biyu ba. A kansa akwai 'yar gada ta azarar giginya da aka lulluɓe da ƙasa, ta nan amalanken shanu ke fito da kwandunan tumatir zuwa bakin titi inda manyan motoci ke lodi. Duk bayan shekara biyu sai azarar ta ruɓe. A shekarar da nake magana har wani sa ya zurma ƙafa a ciki, Allah ya kiyaye bai karye ba. Daga nan aka dami babana da cewa a nemi abin da zai daɗe.

Sai ga wani direba ɗan garinmu, mai jigilar shinkafa zuwa wajen Biu, ya dawo da fale-falen duwatsu guda uku dogaye a bayan motarsa, tare da tarin gutsattsarinsu. Shi mutum ne da ba ya son dawowa da mota fayau. Ya ce a can da irinsu ake gini, kuma ba su da nauyi kamar dutsen da muka sani, mutum shida sun isa su ɗaga ɗaya. Duwatsun baƙaƙe ne, jikinsu duk ƙofofi kamar fuskar sinasir. Mutanen gari suka taru suna kallo, wasu suka ce wannan ai gara ta riga ta cinye shi, wasu suka ce dutse dutse ne. Babana ya ce kowa ya dakata, yana da ɗa da aikinsa kenan.

Da ya kira ni a waya ya kwatanta mini, nan take na gane dutsen. Irinsa muke gwadawa a lokacin, domin malamin da nake aiki a ƙarƙashinsa bincikensa a kan duwatsun aman wuta ne. Dutse ne da ya fito daga cikin ƙasa a narke, yana tafasa kamar talge, ya sandare da kumfarsa a ciki, shi ya sa ƙofofin. Na bayyana wa babana haka, ina jin yadda ya yi shiru yana saurare, kaina kuwa ya kumbura. Shekara da shekaru ina aikin da babu wanda ya san amfaninsa a gidanmu, yau ga shi an zo inda nake. Na ce ya aiko mini da gutsattsari uku ko huɗu masu girman kan mutum. Iyakar abin da na faɗa kenan, kuma a nan na fara kuskure.

Bayan kwana biyu na je tasha na karɓi saƙo, buhu ɗaya na duwatsu da kwando ɗaya na tumatir. Duwatsun an wanke su tas, an naɗe kowanne da tsumma don kada su gogi juna. Ƙofofinsu ƙanana ne ƙwarai, kamar an tsattsaga da allura. Na ɗaga ɗaya na ji nauyinsa a hannu, na ce a raina direban nan ya iya zaɓe.

Bari in faɗi abin da muke aunawa, don sai an gane shi za a gane sauran labarin. Ba ma tambayar ko dutse yana da ƙarfi. Muna tambayar in tsaga ta riga ta fara a jikinsa, nawa zai jure kafin ta ruga ta raba shi biyu. Duk wanda ya taɓa sayen yadi a kasuwa ya san abin. Ka ja yadi da hannu biyu ba zai yage ba, amma mai shago ya ɗan ɗosana almakashi a gefe ya ja, sai ka ji ƙiii har ƙasa. To haka muke yi wa dutse. Mukan huda shi da inji mu fitar da shi kamar taɓarya, mu yanka faifai-faifai masu kaurin gurasa, mu raba kowane faifai biyu, sannan mu yi masa ɗan tsagi siriri da zarto a tsakiyar miƙaƙƙen gefen. Sai a ɗora shi a kan ƙarafa biyu, tsagin yana kallon ƙasa, inji ya danno daga sama a hankali. Kana tsaye kana kallo, ba abin da ke motsi, sai ka ji ƙas, layi ya tashi daga tsagin ya haura sama. Nauyin da ya yi wannan aikin shi muke sawa a lissafi.

Na yanka guda goma sha biyu a ranar Asabar, ni kaɗai a ɗakin. Uku sun fashe tun a bakin zarto, kafin ma su kai ga inji. Na yi tsaki na watsa su a kwandon shara, na ce hannuna ne ya yi rawa. Tara suka rage, na shanya su suka bushe ƙayau kamar yadda muka saba, na gwada su ɗaya bayan ɗaya. Sakamakon ya yi kyau, ya ma fi na duwatsun malamina. Na zana jadawali a farar takarda da layuka da lambobi, na sa hannu a ƙasa da irin sa hannun nan mai wutsiya da nake koyo tun ina makaranta. Daga nan na kira babana na ce dutse lafiya lau, su ɗora.

Akwai abubuwan da na sani a ranar kuma na kau da kai. Na san cewa dutsen da zai kwana a kan ruwa ba a bushe ya kamata a gwada shi ba. Na san cewa wannan awon shi kaɗai ba ya gaya maka ko gada za ta ɗauki amalanke, akwai wani lissafin da na injiniyoyi ne na gaske, ni kuwa ban iya shi ba. Na san kuma cewa ukun da suka fashe su ma amsa ce. Amma babana yana jira, gari yana jira, kuma ban taɓa jin muryarsa da irin wannan alfaharin ba.

Aka ɗora duwatsun, magini ya gyara musu mazauni da siminti. Takardata kuwa ta zaga gari. Babana ya linke ta ya sa a aljihun gaba, duk wanda ya yi gardama sai ya zaro ya nuna masa, ko da shi da mai gardamar babu wanda ya san abin da lambobin ke nufi. Ƙanwata ta gaya mini a waya cewa har a bakin masallaci an karanta ta, ana ta sa mini albarka.

Ban ga gadar da idona ba sai bayan kusan wata biyu, da na zo sunan ɗan ƙanwar tawa. Lokacin tumatir ya fara nuna. Bayan an watse daga wurin raɗin suna, babana ya ce in zo in ga aikina, wasu dattawa huɗu suka biyo mu. Tun daga nesa gabana ya faɗi. Duwatsun gefe biyun da dama-dama, amma na tsakiya, wanda shanu ke takawa, yana da wata jijiya ta manyan ƙofofi da ta ratsa shi daga gefe zuwa gefe. Na tsuguna na sa babban yatsana a ɗaya, ya shige har gaɓa. Ban yi shawara da kowa ba na naɗe wandona na shiga kanal ɗin, da sabuwar shaddata ta suna, na leƙa ƙarƙashi. Dutsen a jiƙe yake sharkaf, har gansakuka ta fara kama shi. Sannan na ga abin da ya sa jikina ya yi sanyi. Magini ya sassaƙa wani kwari a cikin dutsen na tsakiya daga ƙasa, don a riƙa zura katakon da ake tare ruwa da shi, kuma kwarin ya faɗa daidai kan jijiyar nan. Tsagin da nake yi da zarto da gangan don dutse ya karye, shi aka yi wa gadar, a daidai inda nake yin sa.

Na fito ina ɗigar ruwa na tambayi babana daga ina ya ɗebo waɗanda ya aiko mini. Ya nuna tarin gutsattsarin da ke gefen hanya. Ya ce wuni guda ya yi a kansu da 'yar guduma, yana ƙwanƙwasa kowanne yana saurare, duk wanda ya yi ƙara kamar fasasshiyar tukunya ya ture shi gefe, har ya samu huɗu masu amo. Yana faɗa yana murmushi, yana jiran in yaba.

"To Baba, me ya sa ba ka aiko da irin waɗannan ba?" Na ɗaga wani da ƙofofinsa suka yi kamar gidan rina.

"Haba injiniya. In aika maka da shara a gaban manyanka?"

Duk ɗan da ya tashi a garin tumatir ya san yadda ake cika kwando. Ƙanana da masu tabo a ƙasa, matsakaita a tsakiya, manya jajaye a jera su a sama, shi muke kira fuskar kwando. Ba ma ɗaukar sa ha'inci, don mai saye ma ya sani, kuma in za ka aika wa mutumin da kake ganin girmansa kaya, to duk kwandon fuska kake mayar da shi. Abin da babana ya yi kenan. Ya girmama ni, ya girmama wurin aikina, ya zaɓo mini mafi kyau. Ni kuwa da na tashi ina jera wannan fuskar da hannuna, na buɗe buhu na ga duwatsu a wanke a naɗe da tsumma, ban tambayi kaina komai ba.

Da a ce hankali ne ya zo mini a lokacin, da na ja shi gefe. Zuciya ce ta zo. Ina da saurin fushi, kowa a gidanmu ya sani, amma ban taɓa ɗaga wa babana murya ba sai ranar. Na ce wa ya ce masa a zaɓa ake yi, na ce ya ɓata mini aiki, na ce awon kimiyya ba tallan tumatir ba ne. A gaban dattawa huɗu na faɗi haka. Ɗaya daga cikinsu ya ce in yi a hankali, da mahaifina nake magana. Babana ya dubi dutsen da ke hannuna, ya dubi gadar, ya gyara hularsa ya juya gida. Laifi tudu ne, na take nawa ina hango nasa, ukun nan da na watsa a shara ko tuna su ban yi ba sai da na hau mota.

Na koma birni da buhu biyu na gutsattsarin, wannan karon na rufe ido na ɗiba ta ko'ina. Na yanka, na jiƙa su a bokiti har mako guda, na gwada. Waɗanda suka fashe a zarto ma na rubuta su. Sakamakon ya warwatse, babu biyu da suka yi kama. Wasu sun kusa na farko, wasu ko rabi ba su kai ba, ɗaya kuwa inji bai gama zama a kansa ba ya rabe. Na nuna wa malamina ba tare da na gaya masa dalilin ba. Ya duba ya ce ai haka wannan dutsen yake, wani lokaci ƙofa takan tare tsaga ta hana ta wucewa, wani lokaci ƙofofin su haɗa baki su ba ta hanya, ba ka sanin wanne za ka samu sai ya karye. Ya ce shi ya sa yake son dutsen. Na ji kamar in shaƙe shi.

Ranar Alhamis na koma gida. Na sami babana a zaure bayan la'asar yana gyaran igiyar guga. Na durƙusa na ba shi haƙuri a kan abin da na yi a bakin kanal, ya ce ya wuce. Sannan na faɗa masa komai, har da ukun da na zubar, har da cewa a bushe na gwada, har da cewa lissafin gada ba aikina ba ne. Ya saurara har na gama, hannunsa bai bar igiyar ba.

"Za ta karye?"

"Ban sani ba, Baba. Tana iya karyewa."

"Yaushe?"

"Wataƙila gobe. Wataƙila ta shekara ashirin."

"To me ka sani?"

Na ce abin da na sani shi ne takardar da ke aljihunsa ƙarya ce. Ya zaro ta, ta yi laushi don yawan linkewa, ya miƙo mini. Ya tambaye ni mutum a ƙafa fa, na ce ina ganin babu komai. Babur fa, na ce shi ma. Amalanke da shanu biyu da kwando goma sha biyu fa, na yi shiru. Ya ce to ya ji.

Washegari da sassafe ya ɗauki gatari ya saro ƙayar bagaruwa, ya jibge a bakin gadar ta kowane gefe, ya bar 'yar hanya da mutum ko babur zai bi. Ya shimfiɗa buhu a gindin wata dalbejiya ya zauna. Wannan kuwa ana tsakiyar ɗiban tumatir ne. Duk amalanken da ya zo sai ya tashi ya ce a yi haƙuri a zagaya ta babban kwalbati, zagayen da ke cin kusan awa guda da shanu. Wanda ya san tumatir ya san abin da awa guda a rana ke yi masa, kuma motocin bakin titi ba sa jiran kowa. Kafin azahar gari ya ɗauka.

Bayan sallar Juma'a aka tsaya a ƙofar masallaci. Wanda ya fi kowa ɗaga murya wani maƙwabcin gonarmu ne, mutum mai baki, wanda dama ya daɗe yana ganin rabon ruwa ya fi dacewa da shi. Ya ce wata biyu ana bin gada lafiya, an ce ɗan boko ya auna, an karanta takarda a nan wurin, yau kuma an wayi gari da ƙaya. Ya ce ko dai can ƙarya aka yi musu, ko yanzu ake yi. Ina zaune a sahu na biyu, duk ido ya juyo kaina. Na buɗe baki kenan babana ya miƙe.

"Yaro abin da aka ba shi ya auna. Ni na zaɓi duwatsun, na zaɓo masu kyau na bar marasa kyau. Ya sake aunawa ya ce akwai shakka. Laifin nawa ne."

Bai ambaci ukun nan ba, bai ambaci komai nawa ba. Ni kuma na bar shi. Wannan ita ce gaɓar da na fi ƙin tunawa a rayuwata. Ina da baki, ina da zafin zuciyar da na iya yi wa mahaifina tsawa da ita a gaban mutane, amma da aka zo inda zan ce jama'a ni ma na yi nawa, sai na sunkuyar da kai ina wasa da carbi. Na gaya wa kaina cewa in na yi magana na ƙaryata shi a bainar jama'a, kuma hakan rashin ladabi ne. Ƙarya nake yi wa kaina. Tsoro ne kawai, kada a daina ce mini injiniya.

Na koma bakin aiki ranar Lahadi, shi ya ci gaba da zama a gindin dalbejiya. Ƙanwata ce ke ba ni labari. Ta ce kullum yana can daga fitowar rana har amalanken ƙarshe, ana gaya masa maganganu yana ba da haƙuri. Ya nemi a taru a cire na tsakiyar a mayar da azara kafin a samu wata dabara, aka ce ba a tsakiyar kakar tumatir ba, kuma wa zai cire dutse lafiyayye ya sa itace. Ya yi kwana goma sha ɗaya a haka. A na goma sha biyu ya tafi jana'iza wani ƙauye, kafin ya dawo an janye ƙayar an watsa a kanal, maƙwabcin nan namu ya fara haurawa da amalankensa cike, mutane suna kallo. Gadar ko gezau. Na biyu ya bi, na uku ya bi. Da babana ya dawo ya ga sawun taya a kai, ya tsaya ya daɗe, bai sake saro ƙaya ba.

Daga nan abin ya zama abin dariya. Aka sa mata suna gadar gobe, wai gobe za ta karye. In mutum ya yi alkawarin da ba zai cika ba sai a ce sai gadar gobe ta faɗi. Ba wanda ya tsige babana daga rabon ruwa, a ƙauye ba a yin haka. Kawai dai sai ya ce wane ya toshe da la'asar, wane ya kai magariba bai toshe ba. Ya ce yau na gabas ne, a sami wani ya buɗe na yamma da asuba, in an yi magana ya ce ai malam ma yakan yi kuskure. A rani na gaba aka yi faɗa biyu a kan ruwa, a ɗaya har an fasa wa wani kai. Kafin rani na uku ya ce ya tsufa, a ba wani. Aka ba maƙwabcin.

Mutum ɗaya ne ya tsaya tare da shi, wani Bafulatani da ke zaune a bayan gari, wanda amalankensa ke ɗaukar mana kaya tun ina ƙarami. Shi bai sake hawa gadar da shanunsa ba. Ya ce shi bai san dutse ba, amma ya san mutumin da ya zauna kwana goma sha ɗaya a rana ana zaginsa ba don a ba shi komai ba. Tumatirinmu kullum ta kwalbati yake zagayawa, kullum shi ne na ƙarshe a bakin titi, sau da yawa sai motocin sun cika.

Na yi ƙoƙarin gyarawa daga baya, amma a makare. Na taɓa tsayar da dattawan nan na faɗa musu gaskiyar ukun da na zubar. Suka ce Allah ya yi mini albarka, ɗa nagari ke nan mai son ɗauke wa ubansa kunya. Ba wanda ya yarda. Na kawo wani injiniya na gaske abokina ya duba, ya shiga ƙarƙashi ya fito ya ce shi dai ba zai sa hannu a kanta ba, amma ba zai iya cewa ga ranar ba. Mutane suka ce to ai an koma gidan jiya.

Yanzu zan faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Shekaru da dama, duk lokacin da na zo gida, nakan je bakin kanal ɗin in tsaya kamar mai duba ruwa. In na ga amalanke ya doso gadar da kaya, shanu sun sa ƙafa a kan na tsakiya, sai in ji wani abu a ƙirjina yana cewa karye, karye mana. Ba na son kowa ya mutu, haka nake gaya wa kaina. Ina son dai ta fashe da ƙara a gaban mutane, taya ta zurma, kwanduna su tarwatse a ruwa, a ruga a gaya wa babana, a zo zaure a durƙusa a ce malam ashe gaskiyarka ce. Amalanken ya haure lafiya, mai shi ya ɗaga mini hannu, ni kuma in ji haushi. Sai na juya in yi istigfari, wani zuwan kuma in sake.

Ciwon ƙafa ya kwantar da babana a ƙarshen rayuwarsa, ya yi kusan shekara biyu bai fita gona ba. Wata ranar Asabar na zo duba shi, lokacin ɗiban tumatir ne, ana jin ƙarar amalanke daga ɗakinsa. Na zauna a bakin gado ina ɓare masa lemo. Mun yi shekaru ba mu ta da maganar gadar ba, ni da shi. Ya tambaye ni ta wace hanya na shigo, na ce ta ƙetare, ta wajen gadar.

"Tana nan?"

"Tana nan, Baba."

Na faɗa da ɗaci, ina jira ya yi tsaki mu yi tare. Sai na ga ya lumshe ido ya sauke numfashi, ya ce alhamdu lillahi. Ya ce tun ranar da aka janye ƙayar nan bai yi sallar asuba ba tare da ya roƙi Allah ya riƙe dutsen ba, ya gwammace a yi ta yi masa dariya har ya mutu da a ce ƙafar ɗan wani ta karye a kan abin da shi ya ɗora. Ya ce in ci gaba da roƙa masa in ba ya nan, don ni ne na san inda kwarin yake.

Na ce to, Baba. Lemon yana hannuna, na kasa miƙa masa.